Cokalin Da Ya Ce Tudunmu Shimfiɗe Ne

Mijin yayata mai aski ne, kuma tun da nake da shi ban taɓa ƙarasa magana a gabansa ba. Ka ce, "Maigida, ka ji an ce gobe..." sai ya ɗaga almakashi ya ce, "Na sani." Ka ce, "Rigarka ta kama da..." sai ya ce, "Na sani." Ran nan kam sai da wutar ta ci aljihu. Shi ya sa duk layinmu ba mai kiransa da wani suna sai Na-Sani, shi kuma yana amsawa baki har kunne, don a ganinsa digiri aka ba shi.

Shagonsa yana can saman tudu, jikin nawa shagon na wanki da guga, gidansu kuma a bayan shagunan. Tudun nan ba na wasa ba ne. In lemo ya kuɓuce maka a ƙofarmu, sai dai ka bi shi kasuwa. Mai babur da ya ji inda za ka sai ya tuna mansa ya ƙare. Duk da haka shagon askin yana ci, albarkacin mutum ɗaya, Baba Akawu, tsohon ma'aikacin da ya yi ritaya, wanda tun zamanin mahaifin Na-Sani a shagon yake aski. Inda Baba Akawu ya miƙa kansa, nan sauran tsofaffin 'yan fansho suke miƙa nasu, su cika benci suna musu kan labaran rediyo, jikokinsu ma nan ake jawo su. In Baba ya tashi, benci ya tashi, shago ya mutu. Kowa ya san haka.

Ana nan sai wani saurayi ya buɗe shagon aski a gindin tudun, daidai inda kwalta ta kwanta ta miƙe. Ba ya magana sai dole, har aka sa masa Ɗan Shiru.

Wata safiya Baba Akawu ya iso yana dogara sanda, ya zube a kujera, ya daɗe kafin numfashinsa ya dawo.

"Ɗana," ya ce, "gwiwoyin nan sun fara yi mini gardama. Tudun nan naku..."

"Na sani, Baba."

"Ka san ya fi ƙarfina?"

"Na san dai ana faɗa. Amma wa ya taɓa aunawa? Jita-jita ce kawai, yaron nan na ƙasa ne yake yaɗa ta."

"Yaron da ba ya magana?"

"Ai irinsu sun fi kowa iya yaɗa magana, Baba. Ka ba ni kwana kaɗan, zan kawo maka hujja."

Washegari na tarar da shi tsugune gaban tsohon kekensa. Ya samo murfin bokitin fenti ya ɗaure shi a tsaye a kan keken da waya, fuskar murfin tana kallon gefe. Ya huda tsakiya, ya rataya cokalin shayin Yaya da ƙusa, cokalin yana lilo. Wuri bai ishe shi ba, sai ya kwance hannun birkin gaba ya ajiye. Na baya kuwa dama ya daɗe da rasuwa.

"Ma'aunin tudu ke nan, ɗan guga," ya ce mini. "Cokali ba ya ƙarya, kullum ƙasa yake kallo. In keke ya ɗaga kai, cokali ya koma baya, hawa ke nan. In keke ya sunkuya, cokali ya yi gaba, gangara ke nan."

Har ga Allah dabarar ba ta da laifi. Abin da ya rage kawai shi ne a ja layin tsakiya, inda cokali zai tsaya idan ƙasa a shimfiɗe take. To a nan aka yi ɓarin. Ya jingine keken a ƙofar shago, a kan tudun, kansa yana kallon sama. Ya jira cokalin ya natsu, ya ja layi a wurin ya rubuta SHIMFIƊE. Bayan layin ya rubuta HAWA. Gabansa ya rubuta GANGARA, sai GANGARA SOSAI, can bakin murfin kuma SAI ADDU'A.

Na ce, "Maigida, ai nan inda ka jingine shi..."

"Na sani."

Na koma kan gugata.

Ya ja keken da hannu har ƙasa, ya hau ya fara tako feda. Da yake murfin gefe yake kallo, dole sai ya karkato da kai kafin ya karanta, don haka hanya yake bi ba ya ganin hanya. Ya ture kwandon shara, ya taka wutsiyar kare, ya gaishe da turken lantarki da kafaɗa. Ya iso ƙofar shago jiƙe sharkaf, idanu sun yi ja, ya rungume ƙofa.

"Shim... shimfiɗe!" ya ce. "Tun daga ƙasa... har nan... cokali bai bar layi ba!"

Yaya ta leƙo da tsintsiya a hannu. "To wannan hakin fa, Maigida?"

"Murna ce."

"Gumin fa?"

"Ilmi yana da nauyi."

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima," in ji Yaya. "Ni dai a dawo mini da cokalina."

Da la'asar ya sauka gindin tudun ya auna ƙofar Ɗan Shiru, ni kuma na bi shi da sunan kai kayan guga, don irin wannan kallo ba a ba mutum labari. Wurin a miƙe yake kamar faranti, saboda haka cokalin ya zarce layi ya tsaya a kan GANGARA. Na-Sani ya juya keken gabas, gangara. Ya juya yamma, gangara. Kudu da arewa ma haka. Ya dafe ƙirji, sannan ya buga ƙararrawar keke har mutane suka taru.

"Jama'a, ku gaya mini! Wurin da ko ta ina ka juya gangara ce, me ake ce masa?"

Bai jira amsa ba, ya amsa wa kansa.

"Ƙololuwar dutse! A kan ƙololuwar dutse yaron nan ya buɗe shago, yana wahalar da tsofaffi!"

Ɗan Shiru ya leƙo, ya dubi keken, ya dubi cokalin, ya koma ciki.

Wata mai sayar da tumatir da ke zaune a gefen hanya ta ce, "Malam mai aski, to in ruwan sama ya sauka, me ya sa duk ruwanku da sharanku nan suke tarar da mu?"

"Sabo ne, Inna. Ruwa ya saba da nan."

"Tumatirina da ya faɗi a ƙofarku, har ya rigaye ni zuwa nan fa?"

"Tumatir bai yi makaranta ba."

Mai faci ya ajiye tayar da ke hannunsa ya matso. "To in ka juyo daga shagonka kana kallon nan, me cokalin yake cewa?"

"Gangara sosai. Wannan ai hanyar komawa ce. Hanya biyu ce aka shimfiɗa wuri ɗaya, ba ku lura ba. Ta zuwa shagona a shimfiɗe take, ta komawa gida gangara. Ka je ba wahala, ka dawo a ɓagas. Ina aka taɓa samun shago irin wannan?"

"Wato mutum ya gangaro daga wurinka, ya sauka a kan ƙololuwa?"

"Shi ya sa nake gaya muku wurin nan ba lafiya."

Da abin ya tsaya a titi da sauƙi. Amma ya shiga da keken cikin gida, ya auna tsakar ɗaki, cokali ya ce gangara. Ya ɗora keken a kan gado, cokali ya ce gangara. Nan take ya gano dalilin ciwon bayan da yake fama da shi tun kafin aure. Ya kwaso bulo daga kangon maƙwabta, ya dinga cusawa ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai, har cokali ya hau layi. Ya yi hamdala. Sai ya juya keken don ya tabbatar, cokali ya ce gangara sosai. Ya koma ya ɗaga ƙafafun ƙasa, na wajen da ake miƙe ƙafa. Gado ya daidaita, cokali ya ce gangara. Ya ƙara wa na kai. Ya juya, ya ƙara wa na ƙasa. Haka suka yi ta yi, shi da cokali ba wanda ya sassauta, gado kuwa yana ta hawa sama.

Da safe Yaya ta shigo shagona, ɗankwali a karkace, ta zauna kan ƙullin wanki.

"Kai, kana da tsani?"

"Na me, Yaya?"

"Matashin kaina na manta a kan gado. Jiya da teburi na hau, na taka kujera, na kama labule. Fanka kuwa ba dama a kunna, sai ta yi wa mutum aski."

"Shi ina ya kwana?"

"A sama, shi da keken. Ya ce bai taɓa jin daɗin barci irin na jiya ba. Yanzu haka yana can yana kiran a sauko da shi."

Ni ma ban tsira ba. Ina cikin gidan ina neman tsani, ya riga ya diro ta jikin labule, ya zagaya ya gyara mini teburin guga da bulo biyu. Na dawo na aza dutsen guga, ya sulale shi kaɗai ya bi ta kan farar rigar wani bawan Allah, ya faɗa cikin bokitin sitaci. Na-Sani ya ce laifin dutsen ne, ya saba da karkataccen tebur.

Daga nan ya nufi gidan Baba Akawu, wanda yake can ƙasa bayan kasuwa. Ya ja ni don in zama shaida. Muka tarar da tsohon a baranda yana shafa man zafi a gwiwa. Ko gaisuwa ba a gama ba Na-Sani ya tura keken tsakanin ƙafafunsa.

"Ka gani, Baba? Gangara ta ko'ina. A kan dutse kake kwana, a kan dutse kake tashi, ba dole gwiwa ta yi ciwo ba? Zuwa shagona ai hutu ne a wurinta."

Baba Akawu ya saukar da tabarau ya dubi cokalin. "Tun kafin a haifi ubanka nake tafiya da gwiwoyin nan. Yau cokalin shayi ya fi su sanin hanya?"

"Gwiwa ba ta da layi, Baba. Cokali yana da layi."

Tsohon ya mayar da tabaraunsa. Sannan ya ce, "Zan hau ranar Asabar, saboda mahaifinka. In ka nuna mini a gaban mutane cewa ƙofarka a shimfiɗe take, zan yi ta hawa har gwiwar ta cire. In ba haka ba, ka yi haƙuri da kaina."

"An gama, Baba."

A hanya na ce, "Maigida, da ka bar..."

"Na sani."

Ranar Asabar layinmu ya cika. Na-Sani ya bi gida-gida ya gayyato mutane, har mai faci da mai tumatir, sai dai ita ta ce ba za ta bar kayanta ba, daga ƙasa ma za ta gani. Tsofaffi suka iso ɗaya bayan ɗaya suna nishi, suka jeru a benci. Da yake cokali ya ce simintin cikin shago ma gangara ne, Na-Sani ya fito da kujerar aski tsakiyar titi, wurin da ya ce shi kaɗai ne shimfiɗaɗɗe a unguwar. Kujerar kuwa irin ta ofis ce, mai tayoyi, mai juyawa. Yaya ta lallaɓo ta sa dutse a bayan taya.

Ya jingine keken kansa yana kallon sama, ya kira tsofaffi su duba. Suka duƙa suka ga cokali a kan layi. Ɗaya ya ce shi dai bai zo da tabarau ba, ɗaya ya ce cokalin ya yi kama da nasu da ya ɓace. Aka zaunar da Baba Akawu yana fuskantar sama, aka ɗaura masa mayafin aski a wuya. Sai idon Na-Sani ya faɗa kan dutsen.

"Wa ya sa wannan?"

"Ni ce," in ji Yaya. "Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma wannan bakin tsohon mutane ne."

"A gaban jama'a za ki ƙaryata ilmi?"

Ya sa ƙafa ya shure dutsen. Dutsen ya kama hanyar kasuwa, kowa ya bi shi da kallo. Kujerar ba ta motsa ba, don tumbin Na-Sani yana tokare da ita ta baya.

"Kun gani?" ya ce. Ya kunna kilifa mai caji, ya shiga aiki yana wa'azi kan jahilcin masu yarda da ƙafafunsu. Ya aske ɓangaren dama tas. Ya juya kujerar don ya kama hagu, Baba Akawu ya fuskanci kasuwa. Ya ja da baya taku ɗaya don ya ɗauki burushi.

Kujera ta tafi.

Da farko a hankali ta fara, kamar mai jin kunya. Baba Akawu ya kama hannuwan kujerar, mayafi ya tashi ta bayansa yana kaɗawa. Wani da yake hawowa da buhu a ka ya ce, "Barka da hantsi, Baba!" Tsohon, da yake mutum ne mai ladabi, ya ɗaga hannu ya amsa, kujerar ta yi juyi ɗaya da shi ta ci gaba.

Yaya ta ɗora hannu a ka. Tsofaffi suka miƙe suna salati. Na-Sani ya fizgi keken, ya juya shi, ya ɗare, kilifa tana ta ƙugi a hannunsa.

"Kada kowa ya firgita!" ya yi ihu. "Gangara ce kawai!" Ya karkato da kai ya duba. "Gangara sosai!" Ya matse wurin da birki yake a da, ya ji iska. Ya sake dubawa. "Sai addu'a!"

"To yi ta mana!" in ji mai faci.

Muka bi su a guje. A tsakiyar tudun keke ya cim ma kujera, suka jera kafaɗa da kafaɗa. Kowane mai hankali da hannu zai miƙa ya kama kujerar. Na-Sani kilifa ya miƙa.

"Baba, riƙe kanka daidai in ƙarasa!"

Ya zana masa hanya guda daga goshi har ƙeya, ya wuce. Mai tumatir ta hango shi tafe, ta janye tiren zuwa dama. Shi kuma da yake cokali yake kallo, ya yi dama. Ƙarar da muka ji ba ta da yawa, amma jan da muka gani ya kai bango.

Kujerar kuwa da ta sauka inda kwalta ta kwanta sai ta rage gudu, ta gangara a natse, ta haye 'yar barandar Ɗan Shiru, ta shiga ƙofa, ta tsaya gaban madubi. Ɗan Shiru ya dubi kan, rabi a aske, rabi da gashi, ga titi a tsakiya. Ya gyara mayafin, ya ɗauki kilifarsa.

Kafin a gama, tsofaffin sun sauko a hankali, sun zauna a sabon bencin da ke ƙofar, suna murza gwiwoyi. Ba wanda ya ko waiwayi tudun. Na-Sani ya kutso ciki, 'ya'yan tumatir a gira, murfin fenti a hannu.

"Baba, kuskure ɗaya ne tak. Na juya kujerar ta kalli hanyar komawa. Wannan ma ai ya ƙara tabbatar da..."

"Ɗana." Baba Akawu bai ɗaga murya ba, ta cikin madubi yake kallonsa. "Na daɗe da sanin tudun nan ya fi ƙarfina, amma ina hawa, don na ga lokacin da aka haife ka a bayan shagon nan. Ran da na ce maka gwiwata tana ciwo, da sannu ka ce mini, wallahi da na ci gaba da hawa. Sai ka ɗauko cokali ka ce ƙarya take." Ya miƙe, ya shafa kansa da ya yi sumul, ya koma benci cikin 'yan'uwansa. "Ɗauki kujerarka."

Wallahi sai ya ba ni tausayi. Na saɓa karyayyen keken a kafaɗa, shi ya tura kujerar, muka kama hawa. Tayoyin suna ta son komawa, yana tokarewa da ƙirji. Ba mu kai rabi ba numfashinsa ya fara fita da ƙara. Ya tsaya ya ce bari ya ɗan huta. Ya juya kujerar da kyau, ya saita ta tana kallon sama, hanyar zuwa, wadda take a shimfiɗe. Ya zauna.

Na jefar da keken na kai hannu, amma ina. Da baya ya tafi, yana kallona ina kallonsa, yana ƙara ƙanƙancewa. Mai tumatir ko tirenta ba ta janye ba, ba abin da ya rage a ciki. Kujerar ta bi sawunta na ɗazu, ta haye barandar, ta wuce gaban tsofaffin, ta tsaya gaban madubi.

Na iso ina haki. Ba wanda ya yi dariya. Ɗan Shiru ya kakkaɓe mayafi, ya ɗaura masa a wuya, ya tsince 'ya'yan tumatir daga girarsa ɗaya bayan ɗaya.

"Aski ko gyaran fuska?"

Na-Sani ya juya kai ya dubi saman tudu ta ƙofa. Daga nan ana hango shagonsa, ƙofa a buɗe, benci ba kowa.

"Aski," ya ce. "Yi a hankali, ba mai jirana."